Ramin da Yaya Bai Cike Ba

Idan ka zo gidanmu ka ɗaga ƙafa sosai a bakin ƙofa, akwai rami a dandamalin. Ba wani babba ba ne, faɗinsa bai wuce faranti ba, mai kusurwa huɗu, an yanke shi tsaf kamar da almakashi. Baƙi kan yi tuntuɓe a ciki, su juyo su dubi ramin, su dube mu, don kowa a layin nan ya san gidan waye. Gidan Daidai ne, mutumin da in ya je duba mara lafiya sai ya fara lura da ko gadon ya karkace kafin ya ce sannu.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce autarsu, ɗinki nake yi, kuma tun da aurena ya mutu na dawo gabansa da kekena, aka ba ni ɗakin da ke kallon ƙofa. Don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Aikin Yaya shimfiɗa tayil. Tun bai yi gemu ba yake durƙushe a gidajen mutane, da cokalin gini da gudumar roba da ma'auninsa mai ɗigon ruwa a tsaka. Sunan Daidai abokan aiki ne suka laƙaba masa, saboda kalmarsa ke nan daga safe zuwa yamma: "Bai yi daidai ba, a ɗaga." Ma'aunin ma don a ga yana da shi yake ɗauka. Da yatsu yake awo. Ya shimfiɗa tayil biyu, ya shafa mahaɗarsu da kan yatsa, in ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaurin gashi ne, ya ji. In ya zo cike tsakani ba ya yarda da roba ko soso, da yatsa yake bin layin yana danna simintin har ƙarshen ɗaki. Matarsa ta saya masa safar hannu ta gaji. Ya ce safa makanta hannu take yi, ya kawo mini su na riƙa sauke tukunya da su.

Aibi ɗaya na san ya taɓa bari a aikinsa, shi ma a gidansa. Lokacin da babbar 'yarsa take rarrafe, wadda har yau 'Yar Baba muke ce mata, ya zuba dandamalin bakin ƙofa, ya bi shi da ruwan siminti mai laushi ya goge har yana ɗaukar ido. Kafin ya juya ta rarrafo ta kafa tafin hannunta a kai. Na ce to yau akwai kuka, za a sake aiki. Sai na ga ya tsuguna yana kallon ɗan hannun, can ya danna babban yatsansa a gefe, ya bar su haka suka bushe. Shekara da shekaru muna taka su, ba wanda ya ƙara kula.

Mutum ne mara yawan magana, mai ban haushi wani lokaci. Ba ya iya cin abinci a tebur mai rawa. Ya taɓa sa ni na farke rigar da na gama ɗinkawa don aljihu ɗaya ya fi ɗaya sauka, alhali mai rigar ba ta ce komai ba. Na zage shi a ciki, na farke. Amma ban taɓa jin wani ya dawo da ƙarar aikinsa ba.

Sai gwiwoyi suka fara ba shi labari. Da safe in zai miƙe sai ya dafa bango, ka ji suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Aiki kuma ya ja baya, masu gini suka koma neman wanda zai gama da wuri ba wanda zai yi da kyau ba. 'Yar Baba ta gama sakandare da sakamakon da malamanta suka zo har gida taya murna, ta zauna tana tsinke mini zare, ƙannenta biyu na biye da ita. Wata rana ya dawo ya tarar da ita tana wanke masa cokulan aiki a bokiti, a durƙushe, irin durƙuson da yake yi. Ya daka mata tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Da ta shige ɗaki ya ce da ni, "Auta, ni na ci abinci da gwiwa. Ba na so ko ɗaya daga cikinsu ya ci da ita."

A wannan shekarar wani tsohon abokin aikinsa da ya ƙetare ya kira shi. Ya ce ƙasar da yake tana neman masu sana'ar hannu, kuma ba irin tafiyar nan ta a ɗauke ka aiki a koro ka in an gama ba ce. Takardar zama ta dindindin ake ba mutum, shi da matarsa da 'ya'yansa, yara su shiga makaranta kamar 'yan ƙasa. Maki ake tarawa: na shekarun aiki, na jarrabawar harshe, na gwajin sana'a. Sharaɗi ɗaya ne ba ya lanƙwasuwa, wanda ya cika arba'in da biyar an rufe masa ƙofa. Yaya yana da arba'in da biyu a lokacin, har ya yi dariya ya ce da sauran lokaci.

Lokacin nan jarrabawar harshe ce ta cinye shi. Ya faɗi, ya sake, ya faɗi. 'Yar Baba ta zama malamarsa. Da yamma in ya dawo sai su zauna a tsakar gida, ƙaton mutum da furfura a gemu yana maimaita yadda ake tambayar hanyar tashar mota, 'yarsa na cewa, "Baba, ba haka ba, sake." Ni ina kan keke ina dariya har allura ta soke ni. Ya ce, "Ki yi dariyarki, ranar da muka tafi ke ce za ki fara kuka." Na ce ko ɗigo ba zan zubar ba, ɗakinsu nake so in mayar shago. A karo na uku ya haye da ƙyar. Gwajin sana'a bai ba shi wuya ba. Aka yi na asibiti, aka karɓo shaidar 'yan sanda cewa ba shi da laifi. Kafin a gama wannan safa da marwa, arba'in da huɗu ta yi nisa.

Sannan gayyata ta zo. An zaɓe shi. Matarsa ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sai dai gayyatar da wa'adinta, in ya wuce ba a kammala ba ta mutu, sai a koma layi daga farko, shi kuwa ba shi da shekarun komawa layi. Abu ɗaya ya rage, a je ofishinsu a ɗauki hoton fuska da zanen yatsu. Muka ce ai wannan wasan yara ne.

Na raka su don in ga waje. Ɗaki ne mai sanyi, kujeru a jere, ƙasansa tayil fari wanda Yaya ya shafa da takalmi ya taɓe baki. Wata mata ce a bayan gilashi, a gabanta wata 'yar na'ura mai fuskar gilashi da koren haske. Matar Yaya ta ɗora yatsu, na'ura ta yi ƙara, an gama. 'Yar Baba haka, ƙannenta haka. Yaya ya ɗora nasa, shiru. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta ce ya sake. Ta ba shi wani mai ya shafa. Ta ce ya hura musu iska. Ta fito da kanta ta kama hannunsa tana danna yatsun ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ta juya hannun ta duba a haske.

"Malam, wane aiki kake yi?"

"Tayil nake shimfiɗawa. Ai don shi kuka kira ni."

"Siminti ya cinye zanen. Babu abin da na'ura za ta karanta."

Ya dubi yatsunsa kamar yau aka ba shi su. Ni na matsa na ce, "Baiwar Allah, ga mutum a tsaye, ga fuskarsa, ga matarsa, ga 'ya'yansa masu kama da shi kamar ya yi kaki ya tofar. Me kuma ake nema?" Ba ta yi fushi ba. Ta ce ba ita ke yanke hukunci ba. Akwai hanyar kawo shaidar likita, amma sai na'ura ta ƙi mutum sau biyu ake karɓarta, kuma can ƙasar ake aikawa, amsa ba ta zuwa da wuri, wa'adi kuwa ba ya tsayawa jira. Ta ce fata tana tsirowa in an bar ta. Ya ajiye aiki gaba ɗaya, kada ya taɓa siminti ko sabulu mai ƙarfi, ya riƙa shafa mai yana sa safar hannu. Ta ba shi rana mafi nisa da za ta iya, dab da ƙarewar wa'adin.

Ban taɓa ganin azaba irin ta makonnin nan ba. Na mayar masa da safofinsa da na ƙona wa baki. Matarsa ta kwashe kayan aikinsa ta kulle a akwati ta rataya makullin a wuya. Safe da yamma ta zaunar da shi ta shafe yatsun da mai, ta sa masa safa, ya zauna a bakin ƙofa hannu biyu a kan cinya kamar wanda ya ƙone. Masu aiki suka yi ta kira yana ba su haƙuri, har suka daina. Gidan ya koma kan kekena da ɗan abin da matarsa ke sayarwa, miya ta tsinke, ba wanda ya yi ƙorafi. Shi ne abin ya ci. In an ajiye masa abinci sai ya ce ya ƙoshi, ya tura wa yara.

Ga zama ba ya iyawa. Ya gano ƙofar bayi ta sauka, ya gano tagar ɗakina ta karkace, ya gano ƙafar kekena ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Ya tashi zai gyara, mu uku mu yi masa ca. Rannan na kama shi ya zare safa yana shafa bango da yatsa, ido rufe. Na ce, "Yaya, wallahi sai na faɗa." Ya mayar da safar kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Na koma ɗaki na yi kukan da na rantse ba zan yi ba.

Amma fatar ta fara dawowa. 'Yar Baba ce mai duba. Kowace safiya ta kai hannunsa hasken taga ta ƙura ido. Wata rana ta yi tsalle. "Baba, ga layi! Wallahi ga layi ya fito!" Muka taru muna kallo. Sirara ne, sai ka karkata yatsan kake ganinsu, amma suna nan. Tsohuwar kantar kuma ta fara saɓa, tana ɗagowa a gefe-gefe, ɓawo a nan tudu a can. Wannan ne ya hana Yaya sukuni. Ya riƙa murza babban yatsa a kan sauran yana ɓata fuska.

"Auta," ya ce da ni, "kin san abin da ya sa na'urar can ta ƙi ni? Yatsan bai kwanta ba. Tayil in ƙasansa da tudu, ko ka danna shi da ƙarfin duniya ba ya kamawa."

Na ce, "Yaya, yatsa ba tayil ba ne. Ka bar su yadda matar ta ce."

Ya ce to. Na ɗauka maganar ta wuce.

Ranar komawa kowa ya tashi da wuri. Matarsa na guga, 'Yar Baba na shirya ƙannenta, ni ina neman mayafina. Yaya ya shiga wanka ya daɗe. Na ji wani ɗan sauti daga bayin, shuu, shuu, na ɗauka ƙafa yake gogewa. Ashe akwai guntun samfefa, takardar nan mai yashi da yake goge bakin tayil da ita, a aljihun tsohon wandonsa, ita kaɗai ce ba ta shiga akwati ba. Ya fito fuskarsa a sake, rabon da in ga haka an daɗe, ya sa safarsa da kansa. A mota har yana tsokanar matarsa wai ta fara koyon sa rigar sanyi.

Matar nan ce dai a bayan gilashi, ta gane mu, ta yi murmushi. Yaya ya zare safa ya ɗora yatsu huɗu, suka kwanta lif a kan gilashin. Shiru. Ta goge, ya sake. Shiru. Ta ce ya miƙo hannun. Da ta juya shi na ga murmushin ya bar fuskarta. Yatsun sun yi jajir, sumul, suna sheƙi kamar cikin kofi.

"Me ka yi musu?"

"Na daidaita su ne," in ji Yaya. "Akwai tudu-tudu. Yanzu ai sun kwanta."

'Yar Baba ta fizgi hannun ta kai fuskarta, ta duba wannan ta duba wancan, duka goman. Ta ce, "Baba." A nan ya gane. Na ga lokacin da abin ya shige shi, bakinsa ya buɗe, ya zauna a ƙasa a gaban mutane. Na so in rufe shi da faɗa, kalmomin har sun zo bakina. Amma me zan ce wa mutumin da ya yi abin da ya yi shekara talatin ana yaba masa?

Matar ta ce mu kawo shaidar likita za ta aika a ranar, amma kada ta yaudare mu, kwanakin da suka rage ba za su isa fata ta tsiro ba, ba kuma za su isa amsa ta dawo ba.

Da la'asar muka iso gida. Kowa ya shige, Yaya ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Can na ji ya ce, "Auta, zo." Ya durƙusa yana hure ƙurar dandamalin. Ga ɗan tafin hannun 'Yar Baba, ga babban yatsansa a gefe. Sun lotsa cikin simintin, ƙafa ta samansu take bi, ba ta kaiwa ga zanen. Ya tofa yawu ya goge da bakin riga. Layukan suna nan, zagaye cikin zagaye, fes.

"Ga shi nan," ya ce. "Nawa ne. Kowa ya san nawa ne. Ke shaida ce."

"Yaya, ba za su karɓa ba."

"Kin tambaye su?"

Ya kira matarsa ya miƙa hannu. Ta dube shi, ta cire makullin daga wuya ta ba shi. Ya ɗauko kurfi da guduma, ya ja layi huɗu da ma'auni, ya fara sara a hankali da yatsun nan masu ja, har jini ya fara ɓata ƙotar. Ba wanda ya hana shi. 'Yar Baba ce ma ta durƙusa ta tallafi gefen da ya ɗago don kada ya tsage, wannan karon bai yi mata tsawa ba.

Washegari muka koma, ni da shi, da guntun dandamali naɗe cikin zanen da na yanka a kayan ɗinkina. Mai gadi ya hana mu shiga da shi, ya ce dutse ne. Yaya ya ce ba dutse ba ne, yatsansa ne. Ya roƙi mai gadin, yaron da bai kai ƙaninsa ba, har da cire hula. Hayaniyar ce ta fito da matar. Yaya ya kwance zanen a kan matakala, ya nuna mata, yana bayani da sauri, rabi da harshenmu rabi da harshen da ya sha wuyar koya. Ya ce ta ɗora a na'urar ta gwada, sau ɗaya kawai, in ta ƙi ya haƙura.

Ta tsuguna. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa ɗan tafin hannun.

"Wannan na waye?"

"Na 'yata. Ita ce za ta yi karatun."

Ta miƙe tana gyara tabarau, ta ce, "Malam, na yarda naka ne. Wallahi na yarda. Amma ba ni da inda zan sa shi."

Ya naɗe abinsa da kansa, ya ɗaure bakin zanen, ya yi mata godiya.

Amsar shaidar likita ta zo daga baya, cikin ladabi. Sun karɓi uzurinsa, in ya sake nema ba za a tambaye shi yatsu ba. Ta same shi da arba'in da biyar cif. Abokin nasa na can ya kira ya ce ana rade-radin za a ɗaga shekarun, Yaya ya ce Allah ya sa, ya kashe wayar.

Ya koma aiki, ba safa. Yanzu sai an kama shi yake miƙewa in ya gama ɗaki. 'Yar Baba tana kan tsohon kekena, na sayi wani, hannunta ya faɗa da ɗinki fiye da yadda nake so. Guntun dandamalin yana ƙarƙashin gadonsa cikin zanen. Ya gyara ƙofar bayi, ya gyara tagata, ya sa wa ƙafar kekena katako.

Kwanan baya wata mai kawo ɗinki ta yi tuntuɓe a ramin har ta fasa ɗan yatsa. Da Yaya ya dawo na tare shi, da ragowar siminti a buhu a kafaɗarsa. Na ce, "Yaya, don girman Allah, cokali biyu ne fa. Ka cike ramin nan."

Ya tsaya ya dubi ramin. Ya ce, "In na cike, Auta, shi ke nan mun zauna."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya shiga ciki.